Shin Wuni A Daji Da Bakin Tafki Ɓata Lokaci Ne?

Godiya ga Allah da Ya shimfiɗa mana ƙasa, Ya gudanar da ƙoramu a bayanta, Ya sa ruwa ya zama abin sha da abin tsarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, batun da za mu tattauna a wannan mako wata al'ada ce da ake gani tsakanin 'yan makaranta da ƙungiyoyin samari da ma'aikatan masana'antu na birnin Kano da kewaye. Idan sanyin hunturu ya shigo, ciyawa ta bushe, hanyoyin daji suka buɗe, sai jama'a su haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota, su fita bayan sallar asuba, su nufi bakin tafkin Tiga ko gefen dajin Falgore, su wuni suna tafiya a ƙasa cikin itatuwa da duwatsu, sa'an nan su komo gida da almuru. Dattawa da yawa ba su gamsu da abin ba. Suna cewa mutumin da farauta ba ta kai shi daji ba, ba itace ba, ba kiwo ba, ba kuwa neman magani ba, me ya je yi can in ba ɓata lokaci da ɓarnar kuɗi ba? Samari kuwa suna ganin tambayar ma ba ta taso ba, tun da kuɗinsu ne, ranar hutunsu ce. A ganina kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma akwai wani yanki da dukansu biyu suka saki, shi ne kuwa ya fi nauyi.

Bari mu fara da sanin wurin da ake magana a kai. Dajin Falgore yana kudancin Jihar Kano, ya ratsa ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, hanyar Kano zuwa Jos kuma ta cikinsa ta bi. An fara killace shi tun zamanin Turawa da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya aka mai da shi wurin kare namun daji. A ƙarshen shekarar 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar sa shi cikin gandaye goma da ta amince a ɗaga su zuwa matsayin gandun daji na ƙasa, tare da fadamar Haɗeja da dajin Kogo na Jihar Katsina. Daga arewa da dajin ne tafkin Tiga yake, wanda ya samu bayan da gwamnatin Audu Bako ta datse Kogin Kano, aka gama aikin a shekarar 1974. Daga wannan tafki ake shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda shinkafa da tumatir da alkama suke fitowa zuwa kasuwanninmu.

Wanda ya sauka daga mota ya kama sawu da hantsi a irin wannan wuri zai ga abin da yaron birni ba ya gani sai a littafi. Zai bi ta ƙarƙashin maɗaci da marke da ɗorawa da kaɗanya, busasshen ganye yana ƙara a ƙarƙashin takalminsa, fakara ta tashi fir daga gabansa, birai su tsaya a kan dutse suna kallonsa kamar yadda yake kallonsu. In ya gangaro bakin ruwa sai ya tarar da zalɓe tsaye cikin taɓo, ba ya ko motsi sai ka ce dasa shi aka yi, balbelu suna bin shanun da aka kawo shan ruwa, masunta kuma suna jawo kwalekwale da abin da Allah Ya hore musu na karfasa da tarwaɗa. Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne shirun wurin. Mutumin da ya yi shekaru kunnensa bai rabu da rurin inji da ƙarar motoci ba, yakan ɗauki lokaci kafin ya gane cewa abin da yake ji iska ce kawai a cikin ganye, da ruwa yana taɓa gaɓa yana komawa.

To, mene ne hukuncin wannan wuni? Malamai sun kafa ƙa'ida cewa al'amuran rayuwa na yau da kullum asalinsu halal ne har sai an sami dalilin hani, babu kuwa dalilin da ya hana mutum takawa a ƙasar Allah don ya ga abin da ke cikinta. Hasali ma Alƙur'ani mai girma a wurare da yawa yana kiran mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba yadda halitta take da yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance. Sa'an nan jiki yana da haƙƙi a kan mai shi. Labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i sananne ne, yadda Salmanu ya tarar da ɗan'uwansa ya ƙuntata wa kansa da iyalinsa da azumi da tsayuwar dare, ya sa shi ya ci abinci ya yi barci, da labari ya kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya gaskata Salmanu. Idan mai yawan ibada an umurce shi ya huta, ina ga leburan da ya yi kwana shida tsaye gaban inji a Sharaɗa, ko yana jan fatu cikin jiƙo a majemar Challawa? Irin wannan bawan Allah in ya sami wuni guda ya shaƙi iskar da ba hayaƙi, bai ci haƙƙin kowa ba. Mu dattawa ya kamata mu tuna cewa kakanninmu da ba su zuwa yawon daji, cikin dajin suke zaune, gona da rafi da inuwar tsamiya suna bakin ƙofarsu. Abin da suka samu kyauta kullum, shi ne jikansu yake biyan kuɗin mota ya gani sau ɗaya a shekara.

Amma fa halal ɗin yana da sharuɗɗa, nan ne samari ya kamata su saurara. Kada salla ta fita daga lokacinta saboda nishaɗi, ga ruwa ga ƙasa ba wani uzuri. Kada kuɗin shata ya fito daga kuɗin cefane ko na makarantar yara. Kada a shiga gandu sai da izinin ma'aikatansa da jagoran da ya san wurin, domin an yi shekaru da ɓarayin shanu da 'yan fashi suka mai da sassan Falgore mafaka, lalle ne a tambayi hukuma halin da hanya take ciki kafin a tashi. Wanda bai iya iyo ba kada zuga ta kai shi cikin tafki, wanda ya iya ma ya sani cewa ruwan da ba ya gudu yakan ɗauki cutar tsargiya, wadda ƙwayarta take rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi, ta shiga fatar mai wanka. Kada a jefar da guntun taba ko a bar garwashi a cikin busasshiyar ciyawa, kada kuma a bar leda da roba a inda aka ci abinci. Wanda ya kiyaye waɗannan, wuninsa halal ne ba shakka. Sai dai halal daban, abin lada daban. Tambayar da ta rage ita ce, me zai ɗaga wannan wuni daga shan iska kawai zuwa abin da mutum zai tarar a ma'auninsa?

A nan harshen Larabci yana da abin da zai koya mana, domin kalmomin da suka shafi wannan batu da yawansu a bakin ruwa aka haife su. Kalmar siyaha, wadda ake fassarawa da yawon buɗe ido, tushenta ɗaya da saihu, watau ruwan da ke gudu a bayan ƙasa. Kalmar shari'a kanta, kafin ta zama sunan dokar Allah, sunan hanyar da mutane da dabbobi suke bi zuwa mashaya ne. Fita shan iska kuma ana ce mata nuzha, asalinta nisanta daga ƙazanta, daga tushen nan ne aka sami nazaha, watau kamewa da tsarkin hali. Amma wadda ta fi dacewa da zancenmu ita ce ibra, wadda muke fassarawa da izina ko wa'azi. Tushenta abara, ma'anarsa ƙetare kogi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Mai ɗaukar izina shi ne wanda bai tsaya a kan abin da idonsa ya gani ba, ya ƙetare daga gare shi zuwa abin da yake nunawa. Mu ma a Hausa mun bambanta kallo da lura. Ɗan kallo yana komawa gida da labari, mai lura kuwa yana komawa da wani hali da bai fita da shi ba. To, ina ne gaɓar da mai yawon Tiga ya kamata ya ƙetare zuwa gare ta? Gaɓa ta farko kowa ya san ta, ita ce tuna Mahalicci da gode maSa. Akwai kuma ta biyu, wadda take kusa da mu ƙwarai har muka daina ganin ta.

Motar da ta tashi daga Kumbotso ko Panshekara ko Sharaɗa za ta kudu, ba makawa sai ta ƙetare Kogin Challawa, masu bin hanyar Zariya kuwa a gadar Tamburawa suke ƙetare shi. Sau biyu ake bi ta kansa a wunin nan, da safe da yamma, amma da wuya a sami wanda ya leƙa ta taga. Ana sauri a je a ga ruwan nesa, na gida kuwa an wuce shi kamar ba ruwa ba ne. Alhali kuwa kogin nan shi ne uban birnin Kano wajen sha. A kansa aka kafa gidan ruwa na farko a Challawa zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, shi aka datse a ƙasar Ƙaraye aka gama dam ɗin Challawa a shekarar 1992, a kusa da shi kuma gidan ruwa na Tamburawa yake. Abin lura a nan shi ne, ba da nisa da Tamburawa ba Kogin Challawa yake haɗuwa da Kogin Kano, watau shi wannan ruwa da ya ratso dajin Falgore ya taru a Tiga, wanda samarinmu suka wuni suna yabo. Daga mahaɗar su biyu sai su zama Kogin Haɗeja. Ashe ruwan da muka je yabo da ruwan da muka wuce ba mu kalla ba, gaba kaɗan ruwa guda ne.

Me muke zubawa a cikin namu rabin? Kano garin fata ne tun fil azal. Jar fatar akuya da aka jeme a ƙasar Hausa ta ƙetare Sahara bisa raƙuma har ta kai Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko. Majeman da can da toka da bagaruwa suke aiki. Majemun zamani kuwa da gishiri da farar ƙasa da sinadarin kuromiyam suke jima, suna kuma bukatar ruwa mai yawa, ruwan da ya fito daga jiƙon nan guba ne in ba a tace shi ba. Masana na jami'o'inmu sun daɗe suna auna wannan ruwa suna rubutawa, abin da suka samu kuwa bai saɓa wa abin da hancin mazauna wurin ya riga ya faɗa musu ba. Dagwalon masana'antun Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa Kogin Challawa, na rukunin Challawa yana gangarawa kogin kai tsaye, na Bompai kuma yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara har zuwa dam ɗin Wasai. A bakin waɗannan rafuka akwai masu lambu da suke ban ruwan latas da kabeji da alayyahu, kayan da suke komowa kasuwannin birni, mu saya mu kai gida. Abin da aka zuba a kwata da dare yakan dawo a faranti da rana. Ba ina nufin a rufe masana'antu ba, domin gidaje dubbai da su suke cin abinci, jima kuma sana'a ce ta halal mai tarihi. Abin da nake nufi shi ne, kuɗin tace dagwalo yana daga cikin kuɗin sana'ar, kamar kuɗin fata da kuɗin lebura. Wanda ya ƙi biyan sa bai rage tsada ba, ya dai ɗora ta a kan wani da bai sani ba, bai kuma yarda ba.

Abin kunya shi ne, mu ne al'ummar da take fara karatun addini da hukuncin ruwa. Almajirin da ya buɗe Ishmawi ko Risala a zaure, tun kafin ya yi nisa zai tarar da babin ruwa. Zai koyi cewa ruwa yana da siffofi uku da ake dubawa, launi da ɗanɗano da ƙanshi. In abin da ya sāke shi daga mazauninsa ne, kamar taɓo ko gansakuka, to yana nan da tsarkinsa. In abu mai tsarki ne ya sāke shi, kamar nono ko zuma, ana sha ana girki da shi amma ba a alwala. In kuwa najasa ce ta sāke shi, to ya fita daga ibada, ya fita daga sha da girki. Mai karatu ya ɗauki wannan ma'auni da ya haddace yana yaro ya je da shi bakin Salanta ko Jakara, ba ya bukatar na'urar bature kafin ya yanke hukunci. Haka nan an ruwaito hani daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da yin bawali a ruwan da ba ya gudu, da yin bayan gida a mashayar jama'a ko a kan hanya ko a inuwar da ake zama, ya kuma bayyana cewa aikin yana jawo wa mai shi tsinuwa. In wannan ne hukuncin ƙazantar mutum guda wadda rana ɗaya take busar da ita, mene ne hukuncin bututun da ke zuba dare da rana shekara da shekaru?

Wani zai ce ai kogi yana tafiya da kome. Gaskiya ne yana tafiya da shi, amma ina yake kai shi? Kogin Haɗeja yana bi ta Wudil da Ringim da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da ruwan Jama'are su zama Kogin Yobe, ya wuce Gashuwa da Gaidam har Tafkin Chadi. A cikin fadamun nan ne wurin tsuntsaye na Dagona yake, wanda yake ƙarƙashin gandun daji na ƙasa na yankin Chadi, inda tsuntsaye suke zuwa daga Turai su yi hunturu. A duk tsawon hanyar nan akwai masunci da manomin shinkafa da makiyayi da matar da take ɗiba a tulu. Mun saba auna maƙwabtaka da katanga, amma wanda yake shan ruwan da ya bi ta bayan gidanka maƙwabcinka ne ko da tafiyar kwana goma ce tsakaninku. A nan ne al'amarin yake da ban tsoro. Malamai sun ce laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ana tuba daga gare shi da dainawa da nadama da ƙudurin rashin komawa, amma in haƙƙin mutum ne sai an ƙara da mayar masa da abinsa ko neman ya yafe. Wanda ya ci bashi ya san gidan mai bin sa. Wanda ya gurɓata kogi fa, gidan wa zai je neman gafara? Bai san sunan yaron da ya yi ciwon ciki ba, bai san masuncin da ya jawo koma wayam ba, amma Allah Ya san su ɗaya bayan ɗaya, ranar hisabi kuwa ba mai ƙara da zai ɓata hanya.

Kada kuma mu ɗora laifin duka a kan masu masana'antu mu wanke hannunmu. Da mai gidan da yake jiran hadari ya haɗo ya tura shara cikin kwata, da makanikin da yake tuttular da baƙin mai a ƙasa, da mahaucin da yake sakin jini da tumbi cikin rafi, da marinin da yake zubar da ruwan rini a lambatu, da ni da kai da muke jefar da ledar ruwa ta tagar mota, duk ruwan sama zai tattara aikinmu ya kai shi wuri guda. Bambancinmu da mai bututu yawa ne kawai, hali ɗaya ne. Saurayin da ya tsince ledarsa a bakin Tiga don kunyar ma'aikacin gandu, ya komo unguwa ya watsar da ita a kwata, ya yi kallo, amma bai ƙetare ba.

Akwai wata tuhuma da ake yi wa gandun daji kansa, wadda ta cancanci amsa. Ana cewa ta yaya za a hana manomi da makiyayi dajin da suka gada, don mutanen birni su sami wurin shan iska? Tuhumar tana da tushe. A Amurka, inda aka kafa gandun daji na ƙasa na farko a Yalosuton a shekarar 1872, an raba ƙabilun asali na wurin da wuraren farautarsu. Amma killace ƙasa don amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu, a fiƙihu sunansa hima. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya killace Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya killace Rabaza. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Umar ya yi wa mai tsaron hima wasiyya da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tsare garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usmanu ɗan Affan, domin su in dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa ba shi da inda zai koma. Ga ma'auni nan. Gandu yana zama adalci idan talakan da ke gefensa ya fi kowa cin moriyarsa, ta wajen aikin yi da mashaya da burtali da ruwan da dajin yake tsare masa. Yana kuma zama abin zargi a kanmu idan muka mai da shi kamar ɗakin baƙi, wanda ake sharewa a ƙawata don a nuna, alhali tsakar gida ba ta shiguwa. Allah bai raba ƙasarSa gida biyu ba, wadda za a tsare da wadda za a ɓata.

Wani kuma zai ce abin ya fi ƙarfin mutum guda, kogin da ya lalace ya lalace ke nan. Tarihi bai goyi bayan wannan yanke ƙauna ba. A shekarar 1858 warin Kogin Temis ya addabi birnin Landan har ya dami 'yan majalisar dokokin Ingila a zaurensu, abin da ya tilasta aka gina manyan magudanai. A shekarun 1950 wani sashe na kogin ya kai kifi ba ya iya rayuwa a cikinsa. Da aka gyara wuraren tace dagwalo aka tsananta doka, kifi ya komo har fiye da iri ɗari. Mu ma ba doka muka rasa ba. Bayan da aka gano gubar da aka jibge a garin Koko a shekarar 1988 aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a shekarar 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA don tilasta bin ƙa'idoji. Amma doka ba ta tafiya da ƙafarta, sai jama'a sun ɗauke ta. Jama'a kuwa ba sa neman abin da ba su taɓa gani ba. Yaron da ya tashi bai san rafi ba sai baƙi mai wari, zai ɗauka haka Allah Ya halicci rafi. Ranar da ya tsaya a bakin ruwa garai ya ga kifi yana wasa a ciki, ranar ce zai san an cuce shi, zai kuma san abin da zai roƙa.

Wannan ita ce amsata ga dattawa, ita ce kuma amsata ga samari. Ku bar yara su je, Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, gani kuma ya kori ji. Malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyi masu shirya irin wannan tafiya kuwa, ina ba su shawara su tsai da mota a bakin Kogin Challawa wajen komowa, ko da na minti goma ne, yara su sauka su duba, su gwada da abin da suka gani da rana. Limamai su sa haƙƙin kogi cikin huɗuba kamar yadda suke sa haƙƙin maƙwabci. Masu unguwanni da dagatai na Kumbotso da kewaye su kai kukan jama'arsu ga hukuma a rubuce, su kuma riƙa bibiya. Mai masana'anta ya zauna ya yi lissafin abin da yake fita ta bututunsa kamar yadda yake lissafin zakkarsa. Kowane ɗayanmu kuma ya fara da kwatar ƙofar gidansa. Wanda ya komo daga daji da wannan niyya, ina kyautata zaton wuninsa bai tafi a banza ba, har gajiyar ƙafarsa za ta zama abin lada in Allah Ya so.

Allah Ya buɗe idanunmu ga ni'imominSa, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu, Ya tsare mu daga ɗaukar haƙƙin wanda muka sani da wanda ba mu sani ba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.